Mas ɗin tsakiyar mako yana biyan na Lahadi?

Rifkatu_KD:

Salama 'yan'uwa. Don Allah ina da tambaya, kuma wanda ya sani nake so ya amsa mini, don "a ganina" ɗin nan na sha shi har kaina ya ɗaure.

Ni nas ce a wani asibiti a nan Kaduna, kuma duk wanda ya san aikinmu ya san ciwo bai san Lahadi ba, haihuwa ma haka. In rosta ta fito ta fito kenan, wani watan Lahadinka na hannunka, wani watan kuma sai ka duba ka ga sunanka a diyutin safe ko na dare ba yadda za ka yi. To ni tun ina makarantar koyon jinya na saba da Mas ɗin ƙarfe shida na safe, wato sujadarmu ta Katolika, in ina hutu ko diyutin yamma gare ni ba na fashi, minti talatin zuwa arba'in an gama na kama gabana. Gaskiya shi ya fi ma kwanta mini a rai, mu 'yan kaɗan ne, tsofaffi da 'yan fansho da wasu malaman makaranta, ba hayaniya.

Abin da ya tayar mini da hankali, wata Litinin na tashi na karɓi Tarayya, wato Jikin Yesu, bayan na wuni a wod ran Lahadi, ana tashi wata mama 'yar Zumunta ta ja ni gefe wajen groto ta ce "'yata jiya ban gan ki ba, yau kuma na ga kin shiga layi, kin dai ga Fada ko?" Na ce Mama aiki ne ya riƙe ni. Ta ce aiki bai fi Allah ba, wanda ya rasa Lahadi sai ya je konfeshon, ya furta zunubinsa gaban Fada, kafin ya karɓa. Da na ba wata ƙawata labari ita kuma sai ta ce in rabu da tsohuwa, wai ni da nake zuwa kusan kullum ai na tara abin da ya ninka Lahadi ɗaya, Allah ma ya san na biya har da ƙari.

To wanne zan kama? Na tsakiyar mako yana biyan na Lahadi ko ba ya biya? In ba ya biya, ke nan duk Lahadin da na yi a bakin aiki zunubi ne a wuyana? Tun ranar ban ƙara tashi karɓa ba, a benci nake zama ina kallon mutane suna wucewa, kuma abin yana ci mini rai.

Danjuma_Sabo:

Sista Rifkatu kwantar da hankalinki. Mas Mas ne, Yesun da ke kan bagade ran Talata shi ne na ran Lahadi ba a rage masa komai ba, kuma Allah zuciya yake dubawa ba kalanda ba. Ni kaina na kwana biyu ban shiga na Lahadi ba kuma ba wani aiki ne ya hana ni ba, gajiya na yi. Ka shiga ƙarfe takwas ka fito sha biyu saura, Mas ɗin kansa bai kai awa ɗaya da rabi ba, sauran duk sanarwa ce da baiko na biyu da na uku, wannan iyali za su yi godiya a raka su da rawa tun daga bakin ƙofa, waccan ƙungiya tana da lonchin, in lokacin habes da baza ne kuwa, wato bikin godiyar girbi, ka fito ka manta ma abin da aka karanta a Bishara. Na Laraba da safe nake zuwa in yi addu'ata a natse in tafi shago. Ban ga abin da na rasa ba.

Baba_Katikis:

'Yata Rifkatu, sannu da aiki, Ubangiji ya ƙara ƙarfi. Maman nan da ƙawar taki kowacce ta riƙe rabin magana ne ta bar rabi.

Ƙawarki ba ta faɗi daidai ba. Mas ɗin tsakiyar mako ba ya tsaya a madadin na Lahadi, ko sau nawa mutum ya je. Kundin dokokin Ikilisiya na 1983, doka ta 1247, ya ce ranar Lahadi da sauran ranakun idi na wajibi dole ne masu bi su halarci Mas. Wajibin a jikin ranar yake, ba adadi aka ba mu mu cika a mako ba, ballantana a ce na tara biyar a cire mini ɗaya. Na Litinin zuwa Asabar da safe kuwa ba wanda aka ɗora wa, Ikilisiya tana ƙarfafa shi sosai amma wanda bai je ba bai yi laifin komai ba.

Ita kuma Mama inda ta kauce shi ne ta ɗauka duk wanda ba a gani a coci ran Lahadi ba mai zunubi ne. Ki duba Katikizim, littafin koyarwar Ikilisiya, sakin layi na 2181. Ya ce wajibi ne sai dai in akwai babban dalili, har ya ba da misali da rashin lafiya da kuma kula da jarirai, ko kuma Fadan farish ɗin mutum ya ɗauke masa. Wanda ya ƙi zuwa da gangan shi ne aka ce ya yi babban zunubi. To in uwar da ke riƙe da jariri tana da uzuri, ke da kike tsaye kan majinyata da yawa, wasu rai a hannun Allah, yaya za a ce ba ki da shi? Sakin layi na 2187 ma ya yarda cewa akwai ayyukan jama'a da dole sai wasu sun yi su ran Lahadi. Ubangijinmu da kansa ran Asabaci ya warkar da mai shanyayyen hannu a majami'a, ki karanta Markus sura 3.

Inda nake so ki natsu shi ne nan, don a nan mutanenmu da yawa suke ruɗewa. Mun tashi cikin maƙwabta Musulmi, mun saba jin wanda sallah ta kuɓuce masa ko ya sha azumi zai rama, sai mu ma muka ɗauka Lahadin da ta wuce bashi ce da za a biya ran Litinin. A wurinmu ba haka tsarin yake ba. In da gaske ba ki da halin zuwa, wajibin ne ya faɗi gaba ɗaya a wannan ranar, ba abin da ya rage a kanki da za ki rama. In kuwa mutum yana da hali ya ƙi, zuwa Mas ɗin Litinin ba zai goge ba, konfeshon ne maganinsa. Ko ta ina aka ɓullo dai na tsakiyar mako ba ramuwa ba ne. Ki ci gaba da zuwanki, kuma in wannan ne kaɗai abin da ke damun lamirinki, ki tashi ki karɓi Tarayya gobe, kin daɗe a bencin nan ba dalili.

Danjuma ɗana, taka daban ce da tata, zan dawo kanka.

Rifkatu_KD:

Baba na gode, wallahi har na ji sanyi. Amma bari in faɗi komai kada in ɓoye wani abu a ba ni amsar da ba tawa ba. Ba kullum ne diyuti ke cinye ranar duka ba. Wani lokacin na safe ne, in tashi ƙarfe biyu ko uku in an yi hannun-da-hannu da wuri, kuma akwai Mas ɗin yamma a wata farish da ba ta da nisa sosai, keke ɗaya ne. Wani lokacin kuma na dare nake, in fito Lahadi da safe idona kamar an zuba yashi kuma da daddare zan koma. Sannan na Asabar da yamma da ake cewa yana tsayawa, gaskiya ne ko dai sassaucin Turawa ne? Don wani ya ce mini wannan na masu lalaci ne. In kuma Mas ɗin ɗaurin aure ne ran Asabar fa?

Istifanus_Zaria:

'Yar'uwa bari in ɗan taimaka wa Baba a nan, na yi 'yan shekaru a seminari kafin rayuwa ta yi da ni wani wajen.

Na Asabar da yamma doka ce a rubuce, ba alfarma ba, doka ta 1248 sakin farko: wanda ya halarci Mas a ranar kanta ko da yammacin ranar da ta gabace ta, a ko'ina ake yinsa bisa tsarin Katolika, ya sauke wajibi. Ba a ce sai mai uzuri ba, ba a ce sai a farish ɗinka ba. Kuma asalinsa ba lalaci ba ne, lissafin Littafi Mai Tsarki ne inda rana ke farawa daga yamma, shi ya sa firistoci da sistoci suke fara addu'ar yamma ta Lahadi tun Asabar. Da can ma ai ba a yin Mas da yamma in ban da na daren Kirsimeti da irinsu, Paparoma Pius na 12 ne ya buɗe ƙofar a 1953 saboda ma'aikata, ya ce kada a fara kafin ƙarfe huɗu, daga baya a 1967 Roma ta ba da damar na Asabar da yamma ya tsaya wa Lahadi inda aka nemi izini, sai kundin 1983 ya mai da shi na kowa. Wato don irinku aka yi shi tun farko.

Maganar ɗaurin aure, lokaci ne abin dubawa ba karatun da aka yi ba. In Mas ne cikakke kuma da yamma aka yi, ya wadatar ko da karatun aure aka karanta. Ƙarfe nawa yamma ke farawa, masana dokar suna da ɗan saɓani, yawanci dai ƙarfe huɗu suke riƙewa saboda waccan ƙa'idar ta 1953. Mu kuma aurenmu a nan ƙarfe goma na safe ake sa shi, ko amarya ta makara ba ya kaiwa huɗu, don haka ki cire shi a lissafi.

Ranar da kika tashi ƙarfe biyu ko uku kuma akwai na yamma a kusa, ni ba zan yi miki daɗin baki ba, wajibin yana nan, tunda hanya a buɗe take. Ranar da kike tsakanin dare biyu kuwa wannan wata magana ce, don barcinki ba naki ke kaɗai ba ne, nas ɗin da ba ta yi barci ba tana iya kuskuren allura ko awon magani a jikin wani. In kin ga za ki iya biyawa ta coci daga asibiti kafin ki kwanta to madalla, in jiki ya ƙi ba wanda zai ce da gangan kika ƙi. Abin da ya fi sauƙi, ɗauki rostarki ki je wurin Fadan farish. Doka ta 1245 ta ba shi iko, in akwai dalili mai kyau, ya ɗauke wa mutum wajibin wata rana ko ya musanya masa da wani aikin ibada. Nan ne kaɗai za ki ji Fada ya ce "Lahadin da kike aiki ki zo na Litinin", kuma ko a nan ba Litinin ɗin ce ta zama Lahadi da kanta ba, shi ne ya musanya da ikon da aka ba shi, ga mutum ɗaya a yanayinsa. Wasu sun ji an yi wa wani haka shi ne suka baza cewa kowa ma zai iya zaɓar ranarsa.

Bulus_a_Doha:

Gaisuwa daga Ƙatar. Ina karantawa ina dariya don mu nan Juma'a muke zuwa coci, Lahadi ranar aiki ce cur, hutun mako Juma'a da Asabar ne. Cocin Katolika da muke zuwa an buɗe shi a 2008 a bayan gari, ba ƙararrawa ba gicciye a waje, amma ran Juma'a tun asuba Mas ke bin Mas, 'yan Filifin su fito 'yan Indiya su shiga, Larabawa, mu 'yan Afirka, ka ga bas-bas na kamfani suna sauke leburori. Karatun Lahadi ake yi mana da addu'o'in Ɗaukaka da Na Ba Da Gaskiya komai da komai, kuma an sanar da mu ya sauke wajibi. To amma ba mu muka zauna muka yanke wa kanmu ba, izini ne da hukumar Ikilisiya ta ba yankin nan saboda yanayinsa. In na zo hutu gida ba zan ce na je na Juma'a a Kafanchan don haka Lahadi zan kwanta ba, mamata ma ba za ta bari ba lol.

Mama_Saratu:

Yarana ku na birni kuna da zaɓi har kuna gardamar na safe ko na yamma. Ɗiyata ce take rubuta mini wannan a wayarta. Mu a ƙauyenmu Fada ɗaya ne da ƙananan coci-coci da yawa a ƙarƙashinsa, ga hanya ba kyau, da damina in rafi ya kawo ko babur ba ya hayewa, ga kuma tsoron masu garkuwa da ya sa ba ya faɗin ranar da zai zo sai ana gobe. Sai mu yi makonni ba mu ga Mas ran Lahadi ba. Yawanci Laraba ko Alhamis yake samun zuwa mana, ranar kuwa ko mutum na gona zai ajiye fartanya, a yi konfeshon a gindin mangwaro, a yi baftismar yara, a yi Mas, ya juya kafin la'asar.

Amma ran Lahadi ba ma zama a gida wai don ba Fada. Katikis yana buga ƙarfen mota da muke rataye a bishiya, mu taru, a yi karatu uku na ranar, ya yi mana bayani, mu yi waƙa mu yi baiko mu yi addu'a wa marasa lafiya, in akwai wanda bai zo ba a aika yaro ya dubo ko lafiya. Ni ban yi makaranta ba amma tun ina yarinya haka na ga ana yi. Ke nas, Allah ya yi miki albarka, ki karɓi Jikin Yesu tunda kina samunsa, mu nan marmarinsa muke yi.

Baba_Katikis:

Mama Saratu kin faɗi abin da ke cikin littafi ba tare da kin buɗe shi ba. Sakin na biyu na doka ta 1248 ya ce inda ba firist ko wani babban dalili ya hana Mas, ana ƙarfafa masu bi su taru a yi sujadar Maganar Allah, ko su keɓe lokaci su yi addu'a su kaɗai ko da iyali. Ƙarfafawa aka yi, ba a ce ya zama Mas ba, don wajibin ya riga ya faɗi. Kuma kada a ga laifin Fada, doka ta 905 ta ce ko da izinin Bishop iyakarsa Mas biyu a ranar aiki, uku ran Lahadi da ranar idi. Rifkatu ke ma wannan ya shafe ki, ranar da kike wod ki samu minti goma ki karanta karatun ranar a waya, ya isa. Na talabijin ko na Facebook da aka saba da shi lokacin kullen korona a 2020 yana da amfani ga mara lafiya da wanda ya kasa fita, amma ba ya sauke wa mai lafiya wajibi. A lokacin ma ba kallon ne ya biya ba, bishop-bishop ne suka ɗauke wajibin.

Yanzu Danjuma. Ƙorafinka na yarda da fiye da rabinsa, na sha faɗa a taron kwamiti cewa sanarwar da ta fi wa'azi tsawo ba daidai ba ce, kuma baikon da ake kiran sunan mutum da adadin kuɗinsa a lasifika yana korar talaka daga coci. Amma ka lura da abin da ka ce da bakinka, ba aiki ba ciwo, gajiya. Wannan shi ne ainihin "da gangan" ɗin da Katikizim ya ambata. Ka yi kamar ɗan da kullum da safe yake leƙa mahaifiyarsa ya gaishe ta su biyu, amma ranar da ta tara 'ya'yanta duka a ci abinci tare sai ya ce surutun ƙannensa ya yi yawa ba zai zo ba. Gaisuwar safen tana da kyau, amma ba ita ta kira shi ba.

Ni ina Kaduna lokacin da aka kai harin bam cocin St. Rita a Malali, Lahadi 28 ga Oktoba 2012, ana tsakiyar Mas. Bayan nan coci-coci suka hana shiga da jaka, mota a ajiye ta can nesa, a laluba mutum a bakin get. Wanda tsoro ya hana shi fita a waɗannan makonnin ban taɓa ce masa ya yi zunubi ba, amma na ga tsofaffi sun riƙe rosari a hannu ba jaka sun bi layi a rana an caje su sun shiga. Dogon sanarwa bai kai wannan ba.

Danjuma_Sabo:

Baba ni ban ƙi ba, amma a gaya mini gaskiya, wannan dokar ta Lahadi Allah ne ya kafa ko mutane? Don a Dokoki Goma Asabaci aka ce, Asabar ke nan. In Ikilisiya ta iya matsar da ita daga Asabar zuwa Lahadi, ta kuma bar su Bulus suna yi Juma'a, me zai hana ni in yi Laraba?

Istifanus_Zaria:

Danjuma tambayar ba ta banza ba ce. Keɓe wa Allah lokaci a yi masa sujada tare, wannan daga Allah ne. Ranar kuwa tun zamanin manzanni ta zama ranar farko ta mako saboda ranar ce Ubangiji ya tashi, ba wani kwamiti ne ya zauna daga baya ba. Ayyukan Manzanni 20:7, a Taruwasa ran farko ta mako suka taru don gutsuttsura gurasa, Manzo Bulus ya yi ta wa'azi har tsakar dare har wani saurayi ya yi gyangyaɗi ya faɗo daga taga, ka ga dogon taron Lahadi ba a kanka aka fara ba. 1 Korintiyawa 16:2 ma ran farko ta mako ya ce a riƙa ware gudummawa, baikon ma ke nan tsoho ne. Wajen shekara ta 155 Jastin Shahidi ya rubuta wa sarkin Rum yadda Kirista na birni da na ƙauye suke taruwa wuri ɗaya ran Lahadi, a karanta rubutun manzanni da annabawa, shugaba ya yi gargaɗi, a kawo gurasa da ruwan inabi, dikinoni su kai wa waɗanda ba su samu zuwa ba. Kuma ka tuna a lokacin Lahadi ranar aiki ce, sai a 321 sarki Kwanstantin ya mai da ita hutu. Kusan shekara ɗari uku ke nan mutane suna sammako su taru kafin su tafi aiki.

A 304, zamanin tsanantawar Diyokletiyan, an kama Kirista 49 a garin Abitina, a ƙasar Tunisiya ta yau, tare da firist ɗinsu Saturninus, laifinsu sun taru ran Lahadi bayan sarki ya hana. Da ake tuhumarsu a Kartej, ɗaya mai suna Emeritus ya amsa cewa ba za su iya rayuwa ba in ba tare da abin nan na ranar Ubangiji ba, aka azabtar da su suka mutu a kai. 'Yan Afirka ne fa. Kuma ba wata doka mai lamba da ta tilasta musu a lokacin, dokar ta zo ne da mutane suka fara sanyi, majalisar Elvira a Sifen a farkon ƙarni na 4 ta ce mazaunin gari da ya yi Lahadi uku bai zo ba a dakatar da shi na ɗan lokaci. Paparoma John Paul na 2 ya bi wannan tarihin a wasiƙarsa ta 1998 kan ranar Ubangiji.

Su Bulus na Doha kuwa ka duba da kyau, jama'ar ce gaba ɗaya take taruwa Juma'a ta yi sujadar Lahadi, da izinin masu ikon bayarwa, saboda an rufe musu ranar. Kai naka kai kaɗai ne ka zaɓi ranar da jama'a ba ta nan, don jama'ar ce ma ta gundure ka. Kuma akwai abin da kake rasawa, karatun Lahadi zagayen shekara uku ne, Matiyu, Markus, Luka, an zaɓo su ne don wanda Lahadi kaɗai yake zuwa ya ji ginshiƙan bangaskiya, na tsakiyar mako tsarinsa daban. Mai zuwa Laraba kaɗai tsintar guntaye yake yi daga tsakiyar littafi.

Wani abu kuma da nake so masu Mas ɗin safe su ji, don akwai 'yan ƙungiyar ƙarfe shida da suke kallon masu zuwa Lahadi kaɗai kamar Kiristan rabi. Karɓar Tarayya kullum ba tsohon abu ba ne ga talakawa, ɗaruruwan shekaru mutane sau ɗaya ko 'yan lokuta suke karɓa a shekara, shi ya sa ma majalisar Lateran ta 1215 ta wajabta aƙalla sau ɗaya lokacin Ista. Pius na 10 ne a 1905 ya buɗe wa kowa ƙofar karɓa kullum, sharaɗinsa mutum ba ya cikin babban zunubi kuma niyyarsa mai kyau ce. Mai tuƙa keke da ke da 'ya'ya shida, Lahadi kaɗai yake iya zuwa kuma ba ya fashi, ya cika abin da aka ɗora masa, ba mai hurumin yi masa kallon banza.

Rifkatu_KD:

Na gode Baba, na gode Mama Saratu, Allah ya tsare muku hanya ya tsare Fadanku. Yaya Istifanus maganar ranar diyutin safe ta shige ni, na yamman nan zan riƙa bi ko da yunifom ne a jikina. Akwai wata abokiyar aikina Musulma da muka saba musanya, in riƙe mata ranar Sallah ta riƙe mini Kirsimeti da Ista, zan tambaye ta ko za mu riƙa yin haka da wasu Juma'o'i da Lahadi in metron ta yarda. Alhamis Fada yana zama ofis, zan kai masa rostar wata mai zuwa mu duba ranakun dare biyun nan. Maman Zumunta kuma ba zan ce mata komai ba, in ta sake tambaya sai in ce ta ga Baba Katikis.

Danjuma, a cocinmu akwai na farko ran Lahadi ƙarfe shida, dole su gama kafin bakwai da rabi don masu na biyu suna tsaye a waje, ba lonchin ba rakiya. Daga Sabo keke ɗaya ne.

Danjuma_Sabo:

Shida na safe? Ran Lahadi? Toh. Turo mini sunan cocin ta inbos. Baba Katikis, konfeshon ran Asabar ƙarfe nawa ake farawa, kuma wane Fada ne ba ya dogon bincike?